Taswira na ɓata, saƙo na makara: me ke damun buɗaɗɗun wayoyi a Abuja?

Ƙorafi biyu ne ba sa ƙarewa a bakin masu wayoyin da aka shigo da su daga waje aka buɗe su, irin waɗanda suka cika shagunan Banex da Emab a Wuse 2. Na farko na taswira ne. Direban Bolt yana tsaye a Jabi, shuɗin ɗigon nan na Google Maps ya kai shi Utako ya ajiye, fasinja yana ta kira rai a ɓace. Ko mai kai saƙo a babur ya shiga Gwarinpa, muryar taswira tana ce masa ya yi kwana dama bayan ya wuce kwanar da nisa. Na biyu na sanarwa ne. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta yini wayarta shiru, ta ɗauka kasuwa ce ba ta yi ba, sai da magariba ta buɗe manhajar saƙonni suka zubo a lokaci guda, har da na wadda ta gaji da jira ta saya a wani wuri.

Idan aka kai irin wannan waya wurin gyara, amsar da aka fi ji ita ce, "Oga, sai dai a yi mata filashin." Filashin shi ne a goge manhajar da ke tafiyar da wayar a sake ɗora ta. Wani kuma ya ce eriya ce ta mutu, a kwance wayar. Wannan gaggawa tana jawo wa mutane asara ba gaira ba dalili. Filashin yana share hotuna da lambobi da hirarrakin shekaru, a wasu wayoyin ma yana mayar da kullen da aka sha wahala aka cire, kuma sau da yawa bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin ba a taɓa tushenta ba. Ƙorafe-ƙorafen nan biyu da ake ɗauka kowanne da hanyarsa, mafi yawan lokaci wuri ɗaya suke fitowa: hanyar da wayar ke bi ta kai ga intanet, agogonta, da tsarin tattalin batir da ke kashe abubuwa a ɓoye. Duk waɗannan mai waya zai iya duba su da hannunsa kafin ya ba kowa ko sisi.

Wace irin buɗewa aka yi mata?

Masu shago duk "anlok" suke cewa, amma wayoyin ba ɗaya ba ne. Akwai wadda kamfanin sadarwa na can, irin su AT&T ko Verizon ko T-Mobile a Amurka, ya sayar bisa biya kaɗan-kaɗan, ya kulle ta kada ta karɓi layin kowa sai nasa, daga baya ya buɗe ta da kansa. Wannan ita ce lafiyayya. A iPhone gane ta ba wuya: a shiga Settings, General, About, a gangara zuwa Carrier Lock, idan an ga an rubuta "No SIM restrictions" to buɗewar ta gaskiya ce. Akwai kuma wadda har yanzu a kulle take, an dai shimfiɗa wani siririn cif a ƙarƙashin sim yana yaudarar ta. Irin wannan takan yi wata da watanni lafiya lau, ranar da aka sabunta manhajar wayar ko aka canza layi sai sabis ya ɗauke. Ta uku ita ce iPhone ɗin da aka tsallake kullen iCloud ɗinta, wato na asusun Apple na asalin mai ita, da kwamfuta. Wannan kam ina ba kowa shawara ya guje ta. Ban da zargin da ke kanta na cewa ba ta hanyar halal aka same ta ba, shaidar da Apple ke ba waya lokacin da aka kunna ta ta hanyar da ta dace, da ita ake isar da sanarwa. Wayar da ba ta samu wannan shaida ba, sau da yawa sanarwarta ba ta daidaituwa ko wane saiti aka taɓa.

A ɓangaren Android kuma akwai waɗanda aka cire musu asalin manhajar kamfani aka ɗora wata, da waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin, inda ba a amfani da hidimomin Google, ɗan kasuwa ya cusa musu Play Store da hannu don su sayu. Sababbin wayoyin Huawei ma tun takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba sa zuwa da hidimomin Google. A buɗe Play Store, a shiga saitinta, a duba About: idan ta ce wayar ba ta da shaidar Play Protect, to a san cewa akwai matsala tun daga gindi, kuma ita ce za ta riƙa bayyana a taswira da sanarwa da manhajojin banki.

Ko wayar da aka buɗe ta gaskiya tana zuwa da ragowar gidan da ta fito. Samsung ɗin Amurka da lambar samfurinta ta ƙare da U, manhajar kamfanin sadarwa ce a cikinta, da saitinsa da komai; mai ƙarewa da U1 ita ce wadda aka sayar a buɗe tun asali. Sannan ga maganar zangon 4G, wato mitocin da turakun sabis ke magana da waya a kansu, kowanne da lambarsa. A Najeriya an fi amfani da zango na 3 da 7 da 20 da 28, a Amurka kuwa 2 da 4 da 12 da 13 da 66 da 71. Manyan wayoyi masu tsada suna ɗauke da na nan da na can, amma ƙanana masu araha da aka yi don kamfani ɗaya ba lallai ba ne. Irin wannan wayar za ka ga a Maitama tana kan 4G, kana sauka Kubwa ko Nyanya ta koma 3G ko ƙasa da haka. Wannan ba ya gyaruwa da filashin, a jikin ƙarfen wayar yake.

Yadda waya ke sanin inda take

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne wayar ba ta aika komai zuwa tauraron ɗan'adam. Sauraro kawai take yi, kuma tauraron bai san layin MTN ne a cikinta ko na Verizon ba. Taurarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana, an kuma tsara kada su gaza 24. Kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, aikinsa shi ne ya yi ta shelar ko shi wane ne, ina yake, da lokacin da ya yi maganar. Ka ɗauka masallatai huɗu ne a unguwa suka tayar da kiran salla a daƙiƙa ɗaya cif. Muryar na kusa za ta riga ta na nesa isowa kunnenka, kuma da kana iya auna wannan 'yar tazara da ka faɗi inda kake tsaye ko idonka a rufe. Lissafin da waya ke yi ke nan. Tana buƙatar jin aƙalla taurari huɗu, uku don wuri, na huɗun don ta gyara nata agogon da shi. Da yake saƙon da gudun haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya gusar da kai mita 300. Wayoyin yanzu ba na Amurka kaɗai suke saurara ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020, don haka a sararin Abuja taurari ba sa ƙaranci.

To idan tauraro bai damu da layi ba, me ya sa waɗannan wayoyin suka fi yin gardama? Dalilin shi ne kafin waya ta yi lissafi sai ta san hanyar da kowane tauraro yake bi a wannan sa'a, kuma tauraron a hankali ƙwarai yake faɗin wannan bayani, ɗigon bayani 50 kacal a daƙiƙa. Jin na tauraro ɗaya yana cin kusan daƙiƙa 30 idan ba a katse ba, jadawalin dukkansu kuwa minti 12 da rabi. Idan ka shiga ƙarƙashin gadar Berger ana cikin karɓa, ya yanke, sai an jira zagaye na gaba. Don a kauce wa wannan jira aka ƙirƙiro taimako ta intanet: wayar ta sauko da jadawalin daga wata babbar kwamfuta cikin ƙiftawar ido, ta tambayi turakun sabis na kusa a wane yanki take, sai ta san taurarin da za ta nema. A nan buɗaɗɗiyar waya ke tuntuɓe. Wasu manhajojin kamfanonin sadarwa an saita su su nemi wannan taimako daga kwamfutar kamfanin da ya sayar da wayar, wasu kuma ba su san yadda za su bi ta layin Najeriya su kai gare shi ba. Ƙari a kan haka, wayar da rabonta da ganin sama tun tana Dalas, ta yi makonni a kwali, jadawalin da ke cikinta ya tsufa, kuma tana zaton har yanzu tana can. Irin wannan tana buƙatar a fitar da ita fili a kunna taswira a bar ta kamar minti goma sha biyar ba motsi. Mutane da yawa ba su taɓa yi mata wannan ba, a cikin shago aka gwada, a cikin ɗaki aka yanke mata hukunci.

Wuri na farko da za a duba shi ne APN, wato adireshin ƙofar da layinka ke bi ya shiga intanet. Wayar da aka yi don kasuwarmu tana cika shi da kanta. Ta waje kan bar shi fanko, ko ta riƙe na tsohon kamfani, ko mai shago ya rubuta wani abu da ya isa a buɗe Facebook kawai. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat. A Android akwai wani layi a ƙasa mai suna APN type, a tabbatar akwai default,supl a ciki, domin supl ɗin nan ita ce izinin neman taimakon taurari ta wannan ƙofa. Idan saitin ya cakuɗe, a zaɓi mayar da shi na asali, a kashe waya a kunna.

Akwai kuma wani abu da ban cika jin masu gyara suna ambata ba, alhali ya shafi talakawa da yawa: irin datar da aka saya. Ƙunshin nan mai araha na WhatsApp ko Facebook kaɗai, hanyar waɗannan manhajoji kawai yake buɗewa. Kwamfutocin Google da ke ba da jadawalin taurari, da hoton taswirar kansa, da waɗanda ke tayar da waya idan saƙo ya zo, ba lallai ne suna cikin ƙunshin ba. Sai mutum ya ga yana da data, yana tura saƙo yana tafiya, amma taswira ta tsaya cik, sanarwa kuma ba ta shigowa sai ya buɗe manhajar da hannu. Gwajin mai sauƙi ne: a sayi ƙaramar data ta gama-gari, ko a hau wayafai ɗin wani, a ga ko abin ya sauya.

Agogo ma haka. Wayar ta zo da lokacin Niyok, mai ita ya ga ba daidai ba, sai ya murɗa awa da hannu har ta yi daidai da agogon bango, bai canza yankin lokaci ba. A fuska ta yi daidai, a cikinta kuwa ta kauce da awa biyar ko shida. Wannan yana iya rikita hasashen inda taurari suke, ya sa lambobin sirri masu canzawa su ƙi karɓuwa, idan kuma kwanan wata ne ya kauce da yawa, manhajoji su ƙi haɗuwa da intanet gaba ɗaya. A bar waya ta ɗauki lokaci da yanki daga layi da kanta, a tabbatar tana kan lokacin Afirka ta Yamma, awa ɗaya gaba da GMT.

Bayan waɗannan sai izini. Tun iOS 14 a 2020 da Android 12 a 2021, mai waya yana iya ba manhaja wurinsa na ƙiyasi maimakon takamaimai. Mutum ya danna ba tare da ya karanta ba, daga ranar manhajar ta san yana Wuse amma ba ta san titin ba. A shiga izinin lokeshan na Google Maps da na manhajar aiki, a kunna takamaimai. Direbobi da masu kai saƙo kuma manhajarsu tana buƙatar izinin ganin wuri ko an kashe fuskar waya. Idan wayar ta hannu ce, a leƙa saitin masu ƙirƙira, wato Developer options, a ga ko wani ya bar manhajar da ke nuna wurin bogi a kunne.

Idan duk an yi wannan abin bai daidaita ba, akwai gwajin da ke raba gardama. A Android, a sauko da manhaja irin GPSTest, kyauta ce, a fita fili inda sama take a buɗe, a ajiye waya ba tare da gidanta ba. Manhajar tana jera taurarin da wayar ke ji da ƙarfin kowanne. Idan ta jero da yawa, ƙarfin manyansu ya haura 30, ta kama wuri cikin minti ɗaya ko biyu, to eriya lafiyarta ƙalau, kada a bari kowa ya kwance wayar. Idan ta jima kafin ta kama amma daga baya ta kama daram, taimakon intanet ne ba ya zuwa, a koma kan APN da data da agogo. Idan kuwa an yi minti ashirin ba tauraro ko ɗaya, ko suna nan amma duk raunana, alhali wata waya a gefenta tana ji sosai, to nan ne ake maganar ƙarfe. Galibi ma ba mutuwa eriyar ta yi ba. An taɓa buɗe wayar don canza fuska ko batir ko murfin baya, 'yar ƙaramar maƙalar da ke haɗa eriya da injin ta lanƙwashe ko ba ta zauna ba. Mai gyara mai amana zai daidaita ta cikin 'yan mintuna.

Wani lokacin kuma wayar ba ta da laifi, wurin ne. Saƙon tauraro yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, ba ya ratsa kankare, yana kuma dukan bango ko dutse ya dawo. Tsakanin dogayen gine-ginen tsakiyar birni, ko a gindin duwatsun Mpape da Katampe, waya takan ji saƙon da ya yi kwana maimakon wanda ya zo kai tsaye, sai ta ɗauka tauraron ya fi nisa, ɗigon ya tsallaka titi. Wasu ledojin baƙin gilashi na mota suna da ƙarfe a ciki, suna rage ƙarfin saƙon. Mariƙin waya mai maganaɗisu kuwa kamfas yake rikitawa, shi ya sa kibiyar ke kallon baya kana tafiya gaba. A cire ta daga mariƙin a jujjuya ta a iska kamar ana zana lamba 8. Ƙananan wayoyi da dama ma ba su da kamfas ɗin, sai mota ta fara tafiya suke gane alƙibla. Ga kuma zafi. Apple ya ce wayarsa an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, ranar Abuja ta watan Maris kuwa takan wuce haka ko a inuwa, balle a kan dashbod ana caji ana taswira. Waya ta yi zafi sai ta rage ƙarfin kanta don kada ta lalace. A maƙala ta a bakin iskar na'urar sanyaya mota ya fi.

Akwai ma abin da ya shafi inda Allah ya ajiye ƙasarmu. Najeriya tana kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu, kuma a wannan yanki sashen sama da saƙon ke ratsawa yakan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba. Saƙon ya riƙa rawa, wani tauraron ya ɓace na ɗan lokaci. Wayoyin da ke sauraron mita biyu a lokaci ɗaya, L1 da L5, sun fi jure wannan da ma kwanar da saƙo ke yi a jikin gini. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da wannan a 2018, iPhone kuma daga 14 Pro a 2022. Wanda taswira ce abincinsa, ya dace ya tambayi wannan kafin ya tambayi kyamara.

A kuma bambanta kuskuren wuri da kuskuren taswira. A sababbin rukunin gidaje na Lugbe da Lokogoma, ɗigon yana iya zama daidai amma titin ne ba a zana ba, ko an rufe ƙofar da taswira ta sani. A nan tura fil ɗin wurin ya fi faɗin adireshi. Sannan idan kana cikin ɗaki ka ga wayarka ta ce kana Kano, duba ko kana kusa da wata na'urar wayafai da aka taho da ita daga can. Google ya riga ya rubuta ta a tsohon wurinta, kuma a cikin ɗaki da ita yake ƙiyasi.

Sanarwar da ba ta zuwa

Mutane suna zaton kowace manhaja ce ke zaune tana jiran saƙonta. Da haka ne da batir bai kai azahar ba. Abin da ake yi shi ne waya tana riƙe da hanya ɗaya tak a buɗe dare da rana, a Android zuwa kwamfutocin Google ta hidimar Firebase Cloud Messaging, a iPhone zuwa na Apple. Idan an turo maka saƙo, kamfanin manhajar ya sanar da Google ko Apple, su kuma su taɓa wayarka ta wannan hanya, ta farka ta yi ƙara. Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: duk manhajoji ne suka yi shiru, ko guda ɗaya?

Idan duka ne, hanyar ce ta yanke. APN da nau'in data da agogo da muka ambata duk suna iya yanke ta, shi ya sa na ce tushen ɗaya ne. Ƙari a kansu akwai VPN, manhajar da ke karkatar da hanyar intanet ɗin waya ta wata ƙasa. Tun lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 mutane da yawa suka saba da shi, wasu har yau yana kunne sun manta, kuma na kyauta yakan yanke ya bar waya ba hanya. Wayafai na wasu ofisoshi da otal-otal kuma yana toshe ƙofofin da wannan hidima ke bi, 5228 zuwa 5230 na Google da 5223 na Apple, sai ka ga a wurin aiki shiru, kana fita ƙofa saƙonni su shigo. A wayoyin Android da yawa idan aka danna *#*#426#*#* a wurin kira, wani shafi yana buɗewa ya nuna ko hanyar tana haɗe da kuma lokutan da ta yanke. Mai layi biyu ya duba wanne ne ke ɗauke da data, ya kuma duba ko tsarin tsimin data yana kunne yana hana aiki a bayan fage.

Idan kuwa manhaja ɗaya ce ko biyu, to kusan kullum tattalin batir ne. Google ya shigo da tsarin Doze a Android 6 a 2015, wanda ke sa waya barci idan an ajiye ta, amma yana barin saƙo mai muhimmanci ya wuce. Kamfanonin waya ne suka ƙara nasu a kai. Samsung yana da jerin manhajojin da ya sa barci mai nauyi, Xiaomi yana buƙatar a ba manhaja izinin tashi da kanta, Tecno da Infinix da itel su ma suna da nasu mai kula da batir da mai share waya. Ba na ganin laifin mutumin da ke matse batir a garin da wuta ba ta da tabbas, amma ya kamata ya san abin da yake biya. A Android, manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta sake karɓar sanarwa sai an buɗe ta da hannu, kuma a wasu wayoyin share manhajojin baya da yatsa, ko danna maɓallin "tsaftacewa", daidai yake da tsayar da su da ƙarfi. Wanda ya saba sharewa duk bayan minti biyar da kansa yake rufe wa saƙo ƙofa. Gyaran shi ne a zaɓi manhajoji uku ko huɗu da rayuwa ta rataya a kansu, WhatsApp da ta banki da ta aiki, a shiga saitin batir na kowacce a cire mata takunkumi, a kulle ta a jerin manhajojin baya, sauran a bar su su yi barcinsu. Manhajojin ƙara gudun waya da ake saukowa da su daga waje kuwa a goge su, ba abin da suke ƙarawa.

Sauran ƙanana ne, a duba su da sauri. Tun Android 13 a 2022 sai manhaja ta nemi izini kafin ta nuna sanarwa, wanda ya danna a'a ranar farko ba zai sake ji daga gare ta ba. Android kuma yana janye izinin manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba. A iPhone a duba Focus da taƙaitaccen jerin sanarwa na lokaci-lokaci da suka zo da iOS 15, domin suna tara saƙo su riƙe. WhatsApp ɗin da ba na asali ba, irin su GB, ba a dogara da sanarwarsa, kuma yana iya jawo a rufe lambar.

Alat ɗin banki na tes wani abu ne daban, bai bi ta intanet ba, ta layi yake zuwa. Idan shi ne ya daina shigowa, a duba ko manhajar saƙonni ta jefa shi cikin shara, ko an toshe sunan bankin ba a sani ba. A kuma tuna da tsarin hana tallace-tallace na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, da ake kunnawa ta 2442: wasu kamfanoni suna turo lambar sirri ta hanyar da ake turo talla, sai ta maƙale a can. Ɗan kasuwa dai kada ya saki kaya don jiran ƙarar waya ko ganin hoton rasit a wayar mai saye, ya buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin da idonsa.

Filashin yana da ranarsa: idan manhajar da ke ciki ba ta asali ba ce, ko hidimomin Google cusa su aka yi. A nan ma a fara adana komai, a tabbatar an san kalmar sirrin asusun Google da ke kan wayar, a kuma tambayi mai gyara kai tsaye, "Malam, idan ka yi mata, kullen zai dawo ko ba zai dawo ba?" Kafin a kai nan akwai mayar da saitin sadarwa kaɗai, wanda ba ya taɓa hoto ko lamba, sai dai yana mantawa da kalmomin sirrin wayafai da sauran saitin sadarwa da aka sa da hannu.

Mai shirin sayen irin wannan waya kuma, duk abin da aka faɗa a sama yana iya gwada shi kafin ya biya. Ya sa nasa layin, ba na mai shago ba, ya ga ko ta hau 4G. Ya ce wa yaron shago ya raka shi waje, su tsaya a filin ajiye motoci ya kunna taswira ya ga minti nawa za ta yi kafin ta kama. Ya saka WhatsApp, ya kashe fuskar wayar ya ajiye ta kamar minti goma, sannan ya sa wani ya turo masa saƙo. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, ai ba sai an yi duk wannan ba," to ya nemi a ba shi kwanakin gwaji a rubuce. Ya danna *#06# ya fito da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a rubuta ta a jikin rasit tare da irin buɗewar da aka ce an yi wa wayar.